Sista Safara'u da Jinin Gidan Iya Delu

Tun tana yarinya aka san Safara'u da tafiyar hankali. Sai a aike ta ɗebo wuta a maƙwabta, a jira, a gaji, a bi sawunta, a tarar da ita tsaye a gindin tsohuwar ganuwa ta wajen Ƙofar Marusa, kasko a hannu, garwashin ya mutu, ita kuwa ta ɗaga kai tana kallon shirwa na shawagi. Matan gida suka yi faɗa har suka haƙura. Mahaifinta kaɗai, Malam Haliru mai ɗinkin hula, bai taɓa tsawata mata ba. Yakan ce, ba tare da ya ɗaga ido daga allurarsa ba, "Ku ƙyale mini ita. Mai yawan kallo shi ke ganin zaren da ya kuɓuce."

Da ta gama makaranta ta ce aikin jinya take so, sai unguwa ta ɗauka. Wannan da ke manta tukunya a kan murhu, ita za a ba amanar ran mutum? Amma da ta sa farar riga, sai abin da ake gani aibu ne ya zama jarinta. A ɗakin masu jego na asibitin da aka tura ta, takan tsaya a bakin gado shiru kamar wadda tunani ya kwashe, alhali leɓen mace take kallo, da tafin hannunta, da yadda numfashi ke ɗaga zane. Sau da yawa ita ke fara cewa, "A zo a duba wannan baiwar Allah," tun kafin mai jegon ta san jiri na zuwa. Shekaru suka ja. Ta auri Malam Isiyaku, malamin firamare, ta tare a Ƙofar Sauri, ta haifi 'ya'yanta ta raine su, kuma daga asibiti har unguwa kowa ya koma kiranta Sista.

A shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, ta kai arba'in. Ranar zaɓen shugaban ƙasa ba ta da aiki, sai ta yafa mayafi ta tafi makarantar firamaren unguwa inda aka ajiye akwati. Sanyi ya janye, rana ta fara nuna halinta. Layin mata ya yi tsawo har ya lanƙwasa ta gindin wani bedi, ana ta hira, wasu na cewa sun manta yadda ake dangwala yatsa, wasu na tsokanar wata tsohuwa da ta taho da tabarmarta. Safara'u ba ta cikin hirar. Idonta ya tsaya a kan matashiyar da ke gabanta, siririya, da sauran lalle a ƙafa irin na wadda ba ta daɗe da aure ba. Faratanta fari fat. Da mayafinta ya zame, sai Safara'u ta ga kunnen babu huji ko ɗaya. Mace a cikin garin Katsina, har da aure, kunne ba huji!

Tana cikin wannan mamaki sai yarinyar ta yi layi kamar kara a iska. Jini ya ɗigo daga hancinta ya ɓata mayafin. Safara'u ta tare ta kafin ta kai ƙasa, mata suka dare suna cewa, "Ku ba Sista wuri, ku ba ta iska."

Ta zaunar da ita a inuwa. "Sunkuyar da kai gaba, kada ki ɗaga. Matse nan, wurin taushin hancin. Yauwa. Shaƙi iska ta baki."

Wata ta kawo ruwan randa aka jiƙa tsumma. Haɓon da ya kamata ya tsaya kafin a gama gaisuwa bai tsaya ba sai da layin ya ragu sosai.

"Ƙanwata, yaya sunanki?"

"Madina."

"Madina, kin saba yin haka?"

Yarinyar ta yi ɗan murmushin gajiya. "Ai mu gado muka yi, Sista. Duk matan gidanmu haka muke. Jininmu ba ya jin kira."

Safara'u ta ja fatar idonta ƙasa, ta ga wurin da ya kamata ya yi ja ya yi fari kamar auduga. Ta rage murya ta tambaye ta batun al'ada. Madina ta sunkuyar da kai ta ce wani watan har haɗewa yake da na gaba, azumin da ya wuce ma ba ta san wanda ta yi da wanda ta sha ba. A nan ne hawaye ya zo mata, ba a kan haɓon ba.

Suka jefa ƙuri'arsu, Safara'u ta raka ta har ƙofar gidan mijinta. Da ta dawo gida ta zauna gaban kwanon tuwo, tawada a babban yatsanta, ba ta ci ba. Malam Isiyaku ya dube ta ya yi dariya. "To, an tafi ke nan. Idan kin dawo ki gaya mini wa ya ci zaɓe a can." Ba ta ji shi ba. Wani aji take gani na makarantar jinya, da rana tsaka, fanka na juyi a hankali, wata malama tana ambaton cutar da ake gadonta, wadda ke hana jini daskarewa da wuri, tana cewa ba maza kaɗai take kamawa ba. Darasin bai daɗe ba aka wuce shi. Ta yi shekaru ba ta tuna da shi ba, amma ta tuna da fuskokin wasu mata da suka zube mata a hannu bayan haihuwa mai sauƙi, ba tare da an gane dalili ba.

Madina ta ce kakarta ce ta raine ta, kuma ita ta san tarihin gidan. Sai ga shi gidan kakar, Iya Delu, a Ƙofar Marusa yake, lungu kaɗan tsakaninsa da gidan marigayi Malam Haliru. Ranar da Safara'u ta je, da la'asar, ƙafarta ce ta riƙa kai ta, ba ita ke kai ƙafar ba. Ga ƙamshin daddawa daga wani zaure, ga dakalin da take zama tana yarinya, ya ƙanƙance. Da ta ga ƙofar gidan sai ta gane ta. Ta taɓa tsayawa a nan da kaskon wuta, tana kallon maza sun fito da makara, jariri na kuka a ciki, mata na raɗa cewa gidan nan ba ya riƙe masu jego.

Iya Delu tsohuwa ce ƙarama, idonta garau, tana zaune a tabarma tana gurzar auduga. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da aiki da zafi da mutanen Ƙofar Sauri. Da ta ji ɗiyar Malam Haliru ce sai ta riƙe hannunta ta ƙi saki. Safara'u ta gaya mata abin da ya kawo ta, da makarar da ta taɓa gani a ƙofar gidan tana yarinya.

"Ɗiyata, abin nan da kike tambaya ba ciwon asibiti ba ne. Tun daga uwarmu muka tashi da shi. Ƙanwata Sabuwa, haihuwar hwari ta tahi. Ita ce makarar da kika gani. Ɗiyata A'ishatu, uwar Madina, ta haihu lahiya lau, ta ci, ta sha, ta yi dariya, har ana shirin suna. Sai jini ya ɓalle kamar an kwance bakin salka. Shekarar da soja suka hwara ba farar hula mulki ne, gari na ta kiɗa, mu muna zaman makoki."

"Ke fa, Iya?"

"Ni ma na sha, Allah dai ya yi da sauran kwana. Ko haƙori na cire sai na kwana ina tohwar da jini."

"Maza fa?"

Tsohuwar ta ce akwai ɗanta guda da kaciyarsa ta kusa zama ajali. Hujin kunne kuwa tun da wata jaririya ta galabaita a kansa suka haramta wa kansu. An yi rubutu, an yi turare, an yanka abin da aka ce a yanka. Wasu suka ce iska ce ta auri matan gidan, wasu suka ce baki ne aka yi wa kakarsu.

Safara'u ba ta musa mata ba. Ta dai ce, "Iya, yadda ake gadon tsawo da wushirya, haka ake gadon wani abu a cikin jini. Ban tabbatar ba tukuna. Ki ba ni aron Madina in kai ta a duba."

"Aro dai," in ji tsohuwar. "Ki maido mini abata."

Washegari ta sami Dokta Siddiq, likitan ɗakinsu, ta kwashe labarin ta gaya masa tun daga layin zaɓe. Ya saurara har ƙarshe, ya ce zatonta zai iya zama gaskiya, amma gwajin da zai tabbatar ba a yin sa a nan, sai babban asibitin koyarwa na Zariya. Ya rubuta musu takardar turawa, ya kuma ba Madina maganin ƙarin jini ta fara sha. Mijinta Mudassir, wanda ke sayar da gero da dawa a Babbar Kasuwa, saurayi ne mai kunya, bai iya haɗa ido da Sista ba, amma ya ce duk inda za a je shi mai zuwa ne.

Suka kama hanya da sassafe ta Malumfashi da Funtuwa. Gonaki a share, ana jiran ruwa, kukoki tsirara suna wucewa ɗaya bayan ɗaya kamar dattawan da suka fito rakiya. Madina ta yi barci a kafaɗar Safara'u, ita kuwa ta riƙa ganin hanyar kamar jijiya ce doguwa, motarsu ɗigo guda a cikinta. A Zariya aka ɗebi jini, aka yi 'yar tsaga a fatar hannu ana duban lokacin da zai tsaya, aka ce su dawo. Suka koma, suka sake komawa. Daga ƙarshe wata likitar jini ta zaunar da su ta ce cutar gado ce, sunan wani likitan Turai aka sa mata, von Willebrand. Akwai wani sinadari mai kama da danƙo da ke taimaka wa jini ya toshe rauni, shi ne ya yi ƙaranci a jinin Madina. Ba a warkewa, amma ana zama da ita har tsufa idan an san ta.

Da aka kawo wa Iya Delu sunan, ta gwada faɗa ta kasa, ta yi dariya har ta share hawaye. "Ashe abin har suna gare shi! Shekara da shekaru shina cin gidana, ban san sunan baƙona ba."

Daga nan aikin Safara'u ya fara, irin aikin da ba a rubuta wa kowa a takardar ɗaukar aiki. Idan ta tashi daga asibiti sai ta biya ta gidan Madina. Ta hana ta shan asfirin da duk wani maganin ciwon jiki da ake saya a kemis ba tare da an tambaya ba, domin suna ƙara tsinka jini. Ta nuna mata lokacin da za ta fara shan ƙwayar da likita ya ba ta mai rage zuba, da alamar da idan ta gani ba jira, sai asibiti. Ta sa Mudassir ya riƙa shigowa da hanta da alayyahu, ta ce a yawaita wake da zogale. Da ta lura abin da ya fi cin ran yarinyar shi ne salla, sai ta kai ta wurin wata malamar Islamiyya, wadda ta warware mata hukuncin jinin da ya wuce kwanakinsa, ta ce wannan jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi sallarta. Madina ta fito daga gidan malamar tana tafiya kamar an sauke mata tulu daga ka.

Ranar Asabar ɗin da aka rantsar da sabuwar gwamnati, hadari ya haɗo tun hantsi. Kowane shago rediyo na magana, Malam Isiyaku ya kafa kunne a nasa a zaure. Safara'u na tsakar gida tana kwashe shanya sai ga Madina ta yi sallama, kumatunta sun ɗan ciko, leɓenta ya yi ja.

"Sista, wata na biyu ke nan ban ga komai ba. Ban sha salla ko ɗaya ba." Ta rufe fuska da mayafi. "Kuma ba na son warin manja."

Ruwan farko ya sauko a daidai lokacin, manyan ɗigo masu tayar da ƙamshin ƙasa. Suka tsaya a ƙarƙashin rumfa suna kallonsa. Safara'u ta yi mata barka da fuska a sake, amma ba ta manta abin da likitar Zariya ta riga ta gaya mata ba: ciki yakan gyara jinin irin waɗannan mata, sai an sauka da 'yan kwanaki ya koma gidan jiya, a lokacin da kowa ya saki jiki.

Iya Delu kuwa da ta ji labari ba ta yi guɗa ba. Ta ajiye abin gurzarta ta juya fuska bango. Safara'u ta zauna kusa da ita har aka kira magariba. "Iya, A'ishatu ba wanda ya san abin da ke tafe. Wannan karon mun sani. Sauran na Allah ne."

Damina ta yi kyau a shekarar. Gero ya yi kai, gari ya cika da maganar sababbin kwamishinoni da alkawuran ruwan famfo, Safara'u kuwa lissafinta ɗaya ne, inda za a sami jini sabo a ranar da za a buƙace shi. Ta shiga Babbar Kasuwa da farar rigarta, ta ratsa layin 'yan atamfa har rumfunan hatsi, inda hasken rana ke ratsowa ta ɓulin kwano ya sauka a kan tsibin dawa. Abokan Mudassir suka tashi suka ba ta benci. Da ta faɗi abin da ya kawo ta sai suka fara noƙewa. Wani ya ce ya ji idan an ɗebi jinin namiji ƙarfinsa ba ya dawowa.

"Ɗan'uwana," in ji ta, "rijiyar da ake ɗiba ita ke kawo sabon ruwa. Matanku kowane wata suna zubar da shi, su kuma tashi su daka muku fura."

Aka kwashe da dariya, mai maganar ya sosa ƙeya. Kafin sati ya zagayo, samari da dama sun je an gwada jininsu, aka ware waɗanda nasu ya dace da na Madina, aka ce su zauna cikin shiri.

Sai wanzami. Mati shi ke yi wa gidan su Mudassir aski da kaciya tun kakanni, kuma a al'ada shi zai cire wa jariri beli ranar suna. Safara'u ta je har ƙofar gidansa, ta gaishe shi da girmamawa, ta ce ta zo neman alfarma ne a wurin mai sana'a. Ta bayyana masa cewa abin da za a haifa zai iya gadon jinin uwarsa. Mati ya daɗe yana shafa zabirarsa. Ya ce shi ma a rayuwarsa ya gamu da yaran da jininsu ya ba shi tsoro, har yau yana tuna gidajen. "Aski kawai zan yi, Sista, shi ma da hannu mai sauƙi. Idan dangi sun yi magana, ki bar ni da su."

Naƙuda ta zo bayan ƙaramar Salla, da hantsi, cikin sanyi. Tun kafin ta yi nisa an kwantar da Madina, an sa mata ruwa a jijiya, an aika kasuwa. Ta haifi 'ya mace kafin azahar, haihuwa mai sauƙi. Safara'u ta yi mata allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, ta ɗora hannu a marar tana murzawa, idonta a kan zanen da ke ƙasa. Jinin ya zo, ya wuce kima, ya ci gaba da zuwa. Dokta Siddiq ya shigo, aka ɗaura jinin farko, na wani mai awon gero, da ɗuminsa. A wannan lokaci duniya ta yi wa Safara'u shiru. Ba ta jin ƙarar kwanoni ko kukan jaririya, sai bugun jijiya a ƙarƙashin yatsunta, siriri kamar zaren da ake ja daga nesa. Ta riƙa kiran sunan Madina a hankali, tana ce mata ta dubi taga, ta gaya mata launin tsuntsun da ke kan waya. Madina ta ce baƙi ne. Can ta ce a'a, da ja a fiffikensa. Kafin la'asar mahaifa ta yi tauri a ƙarƙashin hannun Safara'u, zubar ta ja baya.

Dangi suka so a sallame ta washegari domin a fara wankan jego. Safara'u ta ce sam, likita ma ya goya mata baya. Surukar Madina ta yi fushi, ta ce ba a taɓa yin suna mai jego na gadon asibiti ba. Iya Delu ce ta raba gardamar. Ta taho da tabarmarta ta shimfiɗa a barandar ɗakin, ta ce, "Ni na taɓa yin suna uwar ɗiya na cikin ƙasa. Wanda bai ɗanɗana wannan ba ya yi mini shiru."

Ana jibi suna, da rana tsaka, Madina na zaune tana ba da nono tana hira, jinin ya sake ɓallewa. Amma wannan karon a gaban Safara'u ya ɓalle, allura na kusa, mutum biyu daga rumfar hatsi suka iso kafin a gama shiri. Ya yi barazanarsa ya koma. Iya Delu na baranda da carbi, ba ta shigo ba sai da aka ce ta shigo. Ta tsaya a kan jikarta ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ga Safara'u, ta kama gefen farar rigar ta riƙe.

An raɗa wa yarinya suna Halimatu Sa'adiyya a zauren gidan kakanta, uwar tana asibiti ana kai mata labari da naman suna. Mati ya yi askinsa ya mayar da aska cikin zabira. Da aka sallami Madina, Safara'u ta roƙi tsofaffin gidan a sassauta zafin ruwan wanka, a kuma bar gasa ɗaki fiye da kima, ta riƙa leƙawa har aka yi arba'in.

Labari ba ya kwana a Katsina. Sannu a hankali mata suka fara tsayar da ita a hanya, a gidan biki, a bakin famfo. Wannan ɗiyarta tun da ta fara al'ada ba ta iya zuwa makaranta. Waccan dasashinta kullum cikin jini. Yawancinsu ba cutar gado ba ce, wani abu ne daban, ta tura su inda ya dace. Kaɗan daga ciki kuwa, da ta tambayi labarin uwa da inna da kaka, sai ta ji amsar da ta sani. Ba duka ta ci nasara ba. Akwai wata matar aure da ta bi ta har gida tana roƙo ta haihu a asibiti, aka ce mata to, aka kuma haihu a ɗaki. An kawo ta a makare, ta rasu. Safara'u ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki, har Malam Isiyaku ya daina tsokanarta, ya riƙa zama kusa da ita kawai yana gyaran littattafan ɗalibansa.

Da damina ta zagayo, Iya Delu ta aika a kira ta. Ta ce akwai abin da ya hana ta sukuni. Jaririn da Sabuwa ta bari mace ce, dangin uba suka ɗauke ta, ta girma ta auri wani makiyayi a wata ruga ta wajen Kaita. Ummi sunanta. An ce tana da 'yan mata har sun tasa.

Ranar hutunta Malam Isiyaku ya goya ta a babur. Suka bar kwalta suka bi burtali, dawa ta fi su tsawo dama da hagu, ganye na shafar gwiwarta, farar balbela na tashi a gabansu ta sake sauka. Suka yi tambaya a wurin masu noma, aka nuna musu wata tsamiya daga nesa. A ƙarƙashinta suka tarar da bukkoki, da 'yan maruƙa a ɗaure, da wata mace doguwa tana wanke ƙwarya. Ta dube su da mamaki, ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo nono mai sanyi kafin ta tambayi ko su wane ne. Malam ya koma gefe wurin maza. 'Yan mata suka leƙo daga bayan bukka, suka noƙe, suka sake leƙowa.

"Daga birni nake," in ji Safara'u. "Yayar mahaifiyarki ce ta aiko ni. Tana gaishe ki, ta ce ki yafe mata daɗewar da ta yi ba ta neme ki ba."

Ummi ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta ce ba ta san tana da kowa ta wajen uwa ba. Suka zauna har inuwar tsamiya ta juya, ana ba ta labarin gidan da aka haife ta, ita kuma tana amsa tambayoyin Sista ɗaya bayan ɗaya, tana kiran 'ya'yanta su zo a duba idonsu. Babbar cikinsu an sa bikinta bayan kaka. Kafin su tashi, an yi magana da maigidan, ya yarda ranar kasuwa mai zuwa zai kawo su birni.

Ya kuwa cika alkawari. Iya Delu ta ga ɗiyar ƙanwarta kafin ta rasu, ta rasu kuma da tsufanta, a ɗakinta, bayan gajeriyar jinya. Madina ta ƙara haihuwa, kowace a asibiti, kowace da shirinta. Safara'u ta yi ritaya da furfura, amma ƙananan nas-nas da suka yi aiki a ƙarƙashinta sun ɗauki ɗabi'arta. Idan mace ta zo awon ciki, bayan sun gwada nauyi da hawan jini, sukan ajiye abin awo su ja kujera kusa, su ce, "Baiwar Allah, ba ni labarin haihuwar mahaifiyarki."